Shekarar da na sauke kaya

Mariyama, labari ya iso ni. An ce kin tsaya a gidan suna a Gabi, mata cike da tsakar gida, kina cewa wasan tele, wato talabijin, na gidan likita ne ya cinye ƙafafun uwarki, duk mai tsohuwa a gida ya riƙe abarsa. An ce har mata biyu sun hana iyayensu zuwa saboda maganarki. Ban ji haushinki ba, abin da kika sani ke nan, kuma ni na bar ki a kan haka. Amma na gaji da jin ana ɗora wa abin nan laifin da ba nasa ba. Shi ya sa na ce a miƙo mini littafin da nake rubuta muku rayuwata a ciki, na tsallake abubuwa da yawa na zo kan shekarar nan, tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Rubutun yaƙi da jahilci ne, ku yi haƙuri da shi. Ke nake kira da suna, amma da ku duka nake.

Ni tun da na yi wayo ban san kaina babu kaya ba. Ina ƴar ƙarama aka naɗa mini gammo aka ɗora mini ƙaramin tulu, daga nan sai itace, sai damin dawa daga gona. Da na auri mahaifinku, Allah ya jiƙansa, kifinsa ni nake ɗaukowa daga bakin tabki in kai kasuwa tun yana motsi a kwando. In ruwa ya ja baya muka shiga garka, tumatir ne, albasa ce, salati ne. Ina tafe da tasa cike a kai, ɗayanku a baya, wani a ciki, in waiwaya in amsa gaisuwa ban kai hannu ba. Ba yabon kai nake ba, duk matan unguwarmu haka suke. Wuyana ya yi ciwo, bayana ya yi ciwo, na sha zagin kayan nan a zuciyata, na sha cewa ranar da Allah ya hutar da ni ko faifai ba zan ƙara ɗorawa ba. Amma a duk shekarun nan ban taɓa faɗuwa ba, ko a santsin damina.

Sai Allah ya buɗa wa yayanku. Kun san ba na kiran sunansa, ɗan fari ne, kuma ba a kan takarda zan fara ba. Ya sayi kamyo, babbar motar kaya, yana jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa, ya ƙara na biyu, ya je Makka ya dawo. Satin da ya dawo ya aiko matarsa Sa'a ɗakina, don ni da shi ba ma zama mu yi doguwar magana, gaisuwa ce daga bakin ƙofa shi ke nan.

"Inna, Alhaji ya ce wahala ta ƙare. Daga yau ko buta ba ki ɗauka. Garka an ba wani shi noma. Ke dai ki zamna ki ci ki sha."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Aka kawo kujera mai katifa aka kafa mini a gindin dogon yaron tsakar gida. Mata suka riƙa shigowa suna cewa na haifi ɗa, ni kuma ina amsawa ina hura hanci. Shekara ta farko na yi ƙiba, fatata ta yi kyau. A ta biyu na lura in zan tashi sai na dafa bango. Na fara tafiya ina kallon ƙasa, ina jan ƙafa, na sayi sanda. Salla ta koma a zaune. Ran nan na faɗi kusa da turmi, aka ce tsautsayi ne. Bayan wata biyu na sake faɗuwa a bakin makewayi, buta ta kife a jikina, ina kwance a wurin sai da Sa'a ta ji nishina ta zo ta ɗaga ni.

A nan tsoro ya shige ni, kuma ina so ku san ko na mene ne, don duk abin da zan faɗa a kansa yake. Ba mutuwa nake tsoro ba. Kakarku ta wajen uba ta yi shekara huɗu a kwance a hannuna, ni nake goya ta in kai ta makewayi, in jira ta, in wanke ta, in dawo da ita. Mace ce mai faɗa, wadda a da tarinta kawai in muka ji sai mu gyara zama, amma na ga yadda take runtse ido duk lokacin da na ɗaga ta. Tun a lokacin na roƙi Allah ya ɗauki raina da sauran ƙafata, kada in kai ranar da zan kira wani ya kai ni bayan gida. Ban roƙi dukiya ba, ban roƙi tsawon rai ba. Wannan kaɗai na roƙa, kuma da na ga kaina kwance a jiƙe a bakin makewayi na san ranar ta kama hanya.

Tsahara ce ta fitar da ni. Ƙawata ce tun muna ƴanmata, tare muka yi tallar kifi, kuma ita ba ta da ɗa mai kamyo, don haka har lokacin tana kai yalo kasuwa da kanta. Gwiwa ce take damunta. Ta shigo ta same ni a kujerar nan ta tsaya tana kallona.

"Habsu, tashi mu tahi. Kujerar ga haɗiye ki take, saura kai."

"Mu tahi ina?"

"Gidan likita. An kawo wani wasa na tsohhi, bisa tele. Ka hau katako ka yi ta lanƙwasa, gwiwa ta saki."

"Wasa? Da hurhurata?"

"Da hurhurar taki kinka hwaɗi bakin makewayi, gari duk an ji. Wace kunya ta rage?"

Na zage ta, sannan na ɗauki mayafi.

Ɗaki ne ƙarami a bayan inda ake awon ciki, da benci biyu da tele a bango. A ƙasa akwai wani farin katako, faɗinsa bai kai rabin tabarmar salla ba, tudunsa kamar yatsa huɗu, da ƙarafa biyu dama da hagu na riƙewa. Mai kula da wurin wata ma'aikaciya ce ƴar Maraɗi, Madam Zali, doguwa, ba ta da yawan dariya amma tana da haƙuri. In ka hau katakon sai wani ɗan mutum ya fito a tele, yana tsaye a bakin wata siririyar gada, ruwa a ƙarƙashinsa. Kai ne shi. In ka karkata dama ya karkata dama, in ka danna ƙafar hagu ya bi hagu, in ka taka a wuri ɗaya ya yi gaba. Aikinka ka ƙetare da shi. In ka yi nauyi gefe guda sai ya yi ta wutsil-wutsil da hannuwa ya faɗa ruwa, tele ta yi wata ƙara, ya fito a jiƙe ya koma farko. Akwai wani wasan na tarar mangwaro a kwando, da wani na kauce wa duwatsu, amma gadar nan ita ce ma'aunin kowa. Maza tsofaffi sun zo sau biyu suka ce wasan yara ne suka daina. Mu mata takwas muka rage, Talata da Alhamis da hantsi, kafin rana ta yi zafi.

Sati biyar ina zuwa ban taɓa kai ɗan mutumin nan ko tsakiyar gada ba. In hau, in damƙe ƙarafan nan har jijiyoyin hannuna su tashi, in sunkuya ina neman ƙafafuna da ido, Madam tana cewa:

"Inna, tele za ki duba, ba ƙahwa ba. Ƙahwa tana nan, ba ta zuwa ko'ina."

In ɗago, in ji ɗakin yana juyawa, in sake sunkuyawa, sai ƙarar faɗawa ruwa. Tsahara daga benci tana cewa na sake nutsar da ɗan mutane, uwarsa za ta kai ni ƙara. Ana dariya ina dariya, amma in na koma gida sai in kwanta in juya baya. Na gaji. Na yanke a raina Talata mai zuwa ita ce ta ƙarshe.

Talatar nan Tsahara ta zo da tasar yalo a kai, daga nan kasuwa za ta wuce. Madam ba ta yarda a ajiye kayan kasuwa a ƙasan ɗakin, a waje kuma awaki ne ke yawo. Benci ya cika, ina tsaye jikin bango, hannu ɗaya a sanda. Aka kira sunan Tsahara.

"Ara mani kanki, tunda ba ki komi da shi."

Kafin in yi magana ta ɗora mini gammonta ta aza tasar. Shekara biyu da wani abu rabona da kaya. Na ji nauyin ya sauka ta wuyana ya bi bayana har diddige, ya zauna inda ya saba zama. Ta gama nata ta fita shan ruwa. Madam tana duba takarda ta kira ni ba ta ɗago ba, ni kuma wallahi na manta da akwai abu a kaina, kamar yadda mutum yake manta da ɗankwalinsa. Na jingine sanda na hau. Da ta ɗago ta buɗe baki za ta hana, amma ɗan mutumin ya riga ya taka gada, sai ta zagayo bayana ta buɗe hannuwa don ta tare ni.

Mai kaya a kai ba ta kallon ƙasa, in ta kalla kayan sun zube. Don haka idona ya tsaya a tele. Wuyana ya miƙe da kansa. Na ji ƙuguna yana yin abin nan da yake yi a kan kunyar garka, yana ɗan ba da hanya dama da hagu, kai kuma yana tsaye cak. Tafin ƙafata ya ji katakon, ya san inda nauyi yake ba sai na gaya masa ba. Ban san lokacin da na saki ƙarafan ba. Ɗan mutumin ya wuce tsakiya, ya wuce inda gadar take lanƙwasa, ya taka ƙasa a wancan gefen ya ɗaga hannuwa, tele ta ɓarke da kiɗa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa a cikin gidan likita. Na sauko na zauna da tasar a kaina, na ja mayafi na rufe fuska, don hawaye sun zo mini kuma ba na son a gani.

Madam ta ce in sake hawa babu kaya. Taki uku ya faɗa ruwa. Ta ce a mayar mini da tasar. Na ƙetare. Ta daɗe tana kallona.

"Inna, wanga abu ba shi cikin abin da anka koya muna a lakwal, can makarantar likita. Amma idona ya gani. Jikinki da kaya ya koyi tahiya. Da anka ɗauke kayan, sai ya rasa hanya."

Ta ce ba ta yarda da kaya mai nauyi ba, saboda wuya da baya. Ta samo ƙaramin kwano ta zuba rairayi daidai yadda ta ga zan iya, ta ajiye mini shi a ɗakin, duk zuwa in naɗa gammo in ɗora. Wata uku muka yi a haka. Na ƙetare gada, na tari mangwaro, na kauce wa duwatsu, har ta ƙara wa wasan sauri. Na bar sanda a bayan ƙofa. Wata azahar na kabbara salla a tsaye, na yi ruku'u na ɗago ba tare da na dafa komai ba, na idar na zauna ina ta godiya. Makewayi kuwa ni da butata, ba mai jin motsina. Sai dai na lura da abu ɗaya: in kaina babu komai ina iya tafiya, amma a ɗarare, in kuwa da kaya ne ko ɗan kaɗan, ƙasa tawa ce.

Lokacin ruwa ya ja baya, garake sun yi kore. Wata safiya ƙafata ta kai ni bakin tabki, garkarmu ta da. Mutumin da ke nomanta ya tsinko mini tumatir ya cika ƴar tasa, ya ce zai aiko da ita gida. Na ce ɗora mini. Na ratso gari da ita tun daga bakin ruwa har ƙofar gida, ina amsa gaisuwa dama da hagu. Sa'a ta tare ni a zaure ta riƙe baki.

"Inna, in Alhaji ya ji, ni za ya yi wa hwaɗa."

"Shina bisa hanya. Wa za ya gaya mai?"

Na sani sarai garin nan ba a ɓoye komai. Gaskiya ba ɓoyewa nake ba, nunawa nake. Kullum da safe sai na je na dawo da ƴar tasata, har na fara tsayawa kasuwa wurin Tsahara. Rabona da jin daɗi irin na kwanakin nan tun mahaifinku yana da rai.

Wani direban yayanku ne ya gan ni a bakin hanya da tasa a kai. Ya tsayar da kamyo ya sauko ya ce in kawo ya kai mini, na ce ya wuce abinsa. Ya je tasha ya ba da labari, ba da mugunta ba ina jin. Daga tasha magana ta shiga kasuwa, daga kasuwa ta shiga masallaci. Aka ce Alhaji mai kamyo biyu ya bar uwarsa tana dakon tumatir. Aka ce matarsa ce ta hana ta abinci. Dattawa suka kira shi bayan sallar Juma'a suka yi masa nasiha a kan haƙƙin uwa, shi da bai taɓa cin nama bai aiko mini da tsoka ba.

Bayan la'asar ya zo. Ya durƙusa a bakin ƙofata kamar kullum, ya cire hula, abin da bai saba yi ba. Ina zaune a bakin gado na ba shi gefe, ina kallon bango. Ya gaishe ni na amsa. Sannan ya ce:

"Inna, mi na yi maki?"

Na ci gaba da kallon bango.

"In akwai abin da kinka nema ban ba ki ba, ki hwaɗa mani. In Sa'a ta yi maki wani abu, ki hwaɗa mani. Yau dattawa sunka zamnar da ni kamar yaro. Ban iya ɗaga kai cikin tasha. Shekara goma ina bisa hanya, rana da ruwa, don in sauke maki kayan ga. Ina ƙarami ina biye da ke kina ɗauke da kihi, ina ganin wuyanki yana rawa, na ce in Allah ya ba ni, uwata ta gama. Shi kaɗai ne abin da na yi a duniya da nake alfahari da shi."

Mutum mai furfura a gemu, yana kuka a bakin ƙofata.

Ga amsa a bakina. Kalma kaɗan ce: hutun nan shi yake kashe ni, kayan nan su ne ƙafata. Wata uwar da wani ɗan da ta faɗa. Amma ni tun da na haife shi ban taɓa kallon cikin idonsa na yi masa doguwar magana ba, haka aka tarbiyyantar da mu da ɗan fari, ko yana jariri a gaban mutane ban yi masa wasa ba. Kuma ko da bakin ya buɗe, me zan ce? In ce masa abu ɗayan da yake alfahari da shi, shi ne ya kayar da uwarsa a bakin makewayi?

"Ba ka yi mani komi ba."

"To ki yi mani alkawali, Inna. Kar a sake ganin kaya bisa kanki. Ko cikin gida, ko gidan likita, don can ma an ce ana aza maki ƙasa ana dariya."

"Na yi. Allah shaida."

Ya share fuska ya sa hula, ya yi godiya ya tafi da sauƙin zuciya. Ni kuma na zauna a wurin har aka kira magariba, na san abin da na sayar.

Ranar Talata Madam ta miƙo mini kwanon rairayi na ce ta mayar. Na gaya mata yadda aka yi. Ranta ya ɓaci.

"Bari in tahi in same shi. Mutum ne mai hankali, in na yi mai bayani za ya gane."

"Za ya gane, shi ne abin da ba ni so. In ya gane, ya san shi ya zamnar da ni har na lalace. Da wane ido za ya dubi kujerar da ya saya? Ban yarda ba, Madam. Ko ke ko Tsahara, wadda duk ta gaya mai ban yahe ba."

Tsahara ta ce rantsuwa ai tana da kaffara, in yi azumi uku in ɗauki tasata. Na ce ba rantsuwar ce ta ɗaure ni ba, fuskarsa ce. Ta ce ni wawuya ce tun muna yara. Ban musa ba. Har yau ban san ko daidai na yi ba, na dai san da idona biyu na zaɓa, ba wanda ya tilasta ni.

Na ci gaba da zuwa babu kaya. Madam ta gwada duk dabarar da ta sani, ta ce in riƙa ji kamar tasar tana nan, ta ɗora mini tafin hannunta a ka, ta rage wa wasan sauri. Ya ɗan taimaka, amma jiki ba ya cin ƙarya. Garka na daina zuwa, don tafiyar da nisa kuma ba tasa ba na yarda da kaina. Sannu a hankali ido ya koma ƙasa, hannu ya koma ƙarfe, ɗan mutumin ya koma wanka. Na ɗauko sanda daga bayan ƙofa. Wata Alhamis ina kan katako na ji tsoro ya taso mini, na yi saurin sauka, ƙafa ta harɗe. Madam ta cafe ni kafin in kai ƙasa, amma ƙuguna ya bugi ƙarfe ya yi baƙi. Sa'a ta gani tana shafa mini magani, ta kira ki a waya.

Sauran kin sani, Mariyama. Kin zo daga Gabi a fusace, kika sa aka kai ni gidan likita a amalanke don a ga abin da aka yi mini, kika tsaya a gaban masu awo da masu jiran allura kika wanke Madam Zali tas. Kika ce ta mayar da iyayen mutane abin wasa, ta karya miki uwa. Ba ta ko dube ki ba. Ni ta kalla, tana jira in buɗe baki, don kalma ɗaya daga gare ni ta isa. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. A duk abin da na yi a rayuwata, wannan shirun ne ya fi ba ni kunya. Daga ranar kuka hana ni zuwa, ni kuma ban yi gardama ba, na riga na gaji.

To ga abin da nake so. Ki koma Gabi, gidan da kika yi maganar, ki warware ta da bakinki, ki ce a bar tsofaffi su je. Ki je wurin Madam Zali ki durƙusa, ki ce ni na aiko ki, kuma ni ma ina neman gafararta. Ku da kuke da surukai da iyaye a gidajenku, in kun ga tsohuwa tana son ɗaukar butarta ko ƴar tasarta, ku bar ta, ko mutane za su yi magana. Yayanku kuwa kada wanda ya karanta masa wannan ina da rai. In na tafi ku ba shi, ku gaya masa ban taɓa riƙe shi da komai ba, abin da ya yi don ƙauna ya yi, ni ma haka.

Bayan an hana ni zuwa na yi damina ɗaya ina lallaɓawa da sanda da bango. Ana cikin girbi, wata safiya rana ta riga ta fito, na sauko da ƙafafuna daga gado na dafa bango zan tashi, suka ƙi. Na huta na sake gwadawa. Na jawo sanda na dogara da hannu biyu, na ɗaga kamar tsawon tafin hannu na koma. Buta tana bakin ƙofa inda na ajiye ta da kaina jiya. Ina jin Sa'a tana shara a tsakar gida, tana kora kaji. Na zauna na jira, ina cewa bari jini ya sauka, bari in ƙara hutawa kaɗan. Na jira har jira ya gagara.

"Sa'a."

"Na'am, Inna."

Ta leƙo da tsintsiya a hannu. Ta dube ni, ta dubi butar, ta jingine tsintsiya. Yarinyar kirki ce, ba ta tambaye ni ba. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta juya mini baya ta durƙusa.

"Kama wuyana, Inna."

Na kama. Taki goma sha ɗaya ne daga ɗakina zuwa can. Na ƙirga su a kan ƙafafun ƴar mutane.